Kuɓewa Uku, Manya-Manya

Kwana uku ke nan ba na yi wa Umma magana, alhali a shago ɗaya muke wuni. Gaisuwa dai ina yi, don lalacewar tawa ba ta kai nan ba. In na shigo da safe sai in ce "Ina kwana" ina kallon bango, ita kuma ta amsa tana kallon madubi, daga nan kowa ya kama gabansa. In tana son tawul ta nuna da baki, in miƙa mata fuskata a ɗaure tamau. Duk a kan haɗin kabewa ne.

Shagonmu na gyaran gashi da fata ne. Kujeru uku ne a ciki, da kwanon wanke kai ɗaya, da na'urar busar da gashi wadda sai an ɗan dake ta a gefe take tashi. A layinmu kaɗai akwai shaguna huɗu irinsa, kuma duk sun fi mu fitilu da hotunan mata a bango. Amma in Asabar ta yi, a ƙofarmu ake layi. Matan da man bilicin ya ƙone wa kumatu, da waɗanda gashinsu ke bin mataji bayan haihuwa, da masu amosanin kai da ke kunyar cire ɗankwali a gaban mutane, duk wajen Umma suke zuwa. Ta lafta musu haɗin a fuska ko a kai, ta rufe gashin da hular leda, bayan rabin awa a wanke. Ban ce yana tayar da matacce ba, amma da idona na ga fatar da ta zo kamar gindin tukunya ta koma tana sheƙi cikin wata biyu.

Nawa rabon a cikin aikin shi ne na jaki. Ni ke fasa kabewar, in kwashe 'ya'yan da zaren cikinta, in fere, in yanka, in turara har ta yi luguf, in tace ta a rariya. 'Ya'yan kuma in wanke, in shanya, in kai a matse min mai. Daga nan sai Umma ta karɓi robar ta shige ɗan ɗakin da ke bayan labule ta murza mukulli. Kwalaben da ke ciki ko ɗaya babu rubutu a jiki. Na san akwai zuma, don hancina ba ya ƙarya, na kuma san akwai man 'ya'yan kabewar. Sauran kuwa, da yawan da ake zubawa, da wanda ke riga wani shiga, daga Allah sai ita. Shekara goma sha ɗaya ina tsaye a bakin labulen nan kamar mai gadi, ina jiran ranar da za ta buɗe baki ta gaya min.

"Ba yanzu ba, Auta," haka take cewa duk sanda na tambaya. "Haɗin nan ba ya son mai wutar ciki."

Ina da miji, ina da 'ya'ya biyu, amma har yanzu ni ce mai wutar ciki. Da abin ya ishe ni sai na yi nawa a gida, na gwada a kan maƙwabciyata. Ya bushe mata a ka kamar an yi mata yaɓe, zaren kabewa ya nannaɗe kowane silin gashi. Ranar Litinin ta zo shago tana kuka, tana neman a warware mata. Umma ta ɗaga ɗankwalin, ta duba, sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki, a gaban mata biyar. Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni na ce, "Ki riƙe abinki, Umma. Ko kirana kika yi za ki gaya min, ba na so." Tun daga lokacin ban sake haɗa ido da ita ba.

Alhamis ce ranar da muke aikin kabewa, don haɗin ya kwana biyu a firij kafin Asabar. Mai kayan miya da ke ƙarshen layi shi ke kawo mana ita tun ina 'yar makaranta. Ranar na iso wajen takwas da rabi, na tarar da Sista a kujerar tsakiya an ɗaura mata tawul a wuya. Ma'aikaciyar jinya ce, Alhamis take hutu, shi ya sa ita kaɗai ke zuwa a ranar. Umma kuwa tana tsaye a tsakiyar shago, ga wani buhu a buɗe a gabanta. Na leƙa. Kuɓewa ce a ciki, manya-manya, irin waɗanda suka tsufa a gona har suka yi ƙarfi.

"Dubi," in ji Umma, tana nuna buhun, tana nuna titi. "Dubi abin da ya... dubi."

Ban tsaya jin ƙarshen maganar ba. Dama neman inda zan sauke fushin kwana uku nake yi, sai ga shi an kawo min har ƙofa. Na suri buhun na fita, takalmina na faɗa da ƙasa. Na wuce mai ɗinki, na wuce mai gyaran waya, kowa na bina da kallo, ina tafe ina shirya maganganun da zan yaɓa masa.

Na same shi yana yayyafa wa ganye ruwa. Dattijo ne mai sanyin hali, ya isa ya haife ni, amma na dire masa buhun a kan tebur har tumatir biyu suka gangara ƙasa.

"Baba, wannan wane irin wulaƙanci ne? Shekara nawa kana kawo mana kaya? Mu da ke gyaran fata, me za mu yi da kuɓewa, yauƙi za mu shafa wa mutane a fuska?"

"'Yata, sauke muryarki," ya ce. "Abin da Hajiya ta ce shi na kai."

"Umma ce za ta ce kuɓewa? Matar da ko a barci aka tashe ta kabewa za ta ambata? In kunnenka ya fara nauyi ka faɗa, ba kunya ba ce."

Mata biyu da ke zaɓen albasa suka daina zaɓe. Shi kuwa ya goge hannunsa a jikin riga, ya zaro waya daga aljihu, ya lalubo saƙon murya ya danna. Muryar Umma ta fito, a hankali, kamar mai magana da abu a baki.

"Malam. Kuɓewa uku. Manya-manya. Kuɓewa."

Na ce ya sake. Ya sake. Babu wani kokwanto, kuɓewa ta ce, har sau biyu.

"Ni ma na yi mamaki," in ji shi. "Kuɓewa uku kuma? Sai na ce ƙila kwano uku take nufi, ƙila sabon haɗi ta samo, tunda an ce ita ma ana sa wa gashi. Kabewarku ga ta can na ware, adadi nake jira. Akwai ma saƙon da ta fara turowa, tsaya ki ji shi."

Ina na tsaya? Kunya ta riga ta lulluɓe ni, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai na ɓige da borin kunya, na ce, "To kai ba ka iya tambaya ba ne?" Na juya na bar masa buhunsa. Ko tumatirin da na yar ban ɗauka ba.

A hanyar komawa kunyar ta rikiɗe ta zama wani abu da har yau nake jin nauyin faɗinsa. Daɗi na ji. Umma da ba ta kuskure, Umma da ta yi min dariya a gaban mata biyar, yau ga ta a hannuna. Na shiga shago ina murmushi, kuma wannan ce maganar farko da na yi mata cikin kwana uku.

"Umma, ashe mutumin nan ba shi da laifi. Ke kika ce masa kuɓewa. Na ji da kunnena."

Ta juyo daga kan Sista, mataji a hannunta na hagu. Ban lura a lokacin ba cewa Umma ba bahaguwa ba ce.

"Ni?" ta ce. "Kuɓewa na ce masa."

"To ai shi na faɗa."

"A'a! Kuɓewa! Ku-ɓe-wa!" Ta ɗaga hannu tana zana wani abu mai girma, zagayayye, a iska. Ranta a ɓace yake sosai, irin ɓacin ran wanda ke faɗin gaskiya an ƙi yarda da shi. "Na ce masa kuɓewa, shi kuma ya kawo min kuɓewa!"

Na yi dariya. Allah ya yafe min, dariya na yi har da dafa kujera, ina cewa, "Umma, ki saurari kanki mana! Tsufa ne ya zo haka da wuri?" Ita kuma tana kallona, tana maimaita kalmar da ƙarfi, kamar ni ce kurmar.

Sista ba ta yi dariya ba. Ta miƙe da tawul a wuyanta, rabin gashinta a tsefe rabi a kitse, ta karɓi matajin daga hannun Umma ta ɗaga shi.

"Hajiya, mene ne wannan?"

Umma ta harare ta, irin ta an raina mata hankali. "Matashi," ta ce.

Na daina dariya.

"Wancan fa?" Sista ta nuna madubi.

"Ma... madugu."

"Yi min murmushi, Hajiya. Buɗe haƙoranki in gani."

Umma ta yi. Gefen hagu na bakinta ya ɗaga, na dama ya tsaya inda yake kamar ba nata ba. Sista ta ce ta ɗaga hannuwanta biyu sama. Suka tashi tare, sai na daman ya fara sauka a hankali shi kaɗai, Umma na binsa da kallo tana mamaki. Ashe tun shigowata haka fuskarta take, ni ce ban kalle ta ba.

Sai Sista ta kamo ni ta kafaɗa ta tsayar da ni a gabanta. "Wannan wace ce?"

Umma ta dube ni. Ta buɗe baki ta rufe, ta sake buɗewa. Na ga tana neman sunan da take kirana da shi sau ɗari a wuni, sunan da ita ta laƙaba min, tana lalube kamar mai neman mukulli a jaka. Idonta ya ciko.

"Tawa ce," ta ce.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," na ji bakina yana faɗa. Sista ce ta daka min tsawa, ta ce ba lokacin kuka ba ne, shanyewar ɓarin jiki ce ke kama ta, kowane minti yana da muhimmanci, in kama Umma ta dama mu tafi, ita ta zo da mota. Muna fitowa da ita sai ga mai kayan miya a bakin ƙofa, ya turo kabewa uku a baro, ya biyo ni da su don a shirya. Kallo ɗaya ya yi wa Umma ya saki baron. Shi ya tallafe ta ya sa a kujerar baya, ya shiga gaba ba tare da kowa ya ce ya shiga ba. Shagon ma a buɗe muka bar shi, mai ɗinki ce ta ja mana ƙofa.

Ban san yadda muka isa asibiti ba. Abin da na riƙe shi ne hannun Umma na dama a cikin nawa, da ɗumi, da nauyi, ina matsa shi ba ya matsa nawa. Sista ta shige gaba tana magana da abokan aikinta da sauri, aka ɗora Umma a gado mai taya, aka auna jininta aka ce ya hau sosai, aka wuce da ita ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Aka bar ni a baranda da jakarta a hannu. Mai kayan miya ya zauna can ƙarshen benci, ya cire hularsa ya riƙe.

Wajen ƙarfe goma likita ya fito, wani siriri mai tabarau, ya tambayi wace ce 'yarta. Na miƙe. Ya ce jini ne ya daskare ya toshe wata hanya a ɓangaren da magana ke fitowa. Ya ce akwai allurar da ke narkar da shi, amma tana da ƙa'ida: in an wuce 'yan awanni da farawar ciwon, haɗarinta ya fi amfaninta, ba za su yi ba.

"Saboda haka ki nutsu ki gaya min," ya ce. "Yaushe rabon da ki ji ta yi magana daidai?"

Na shiga lissafin kwanaki a raina, sai ya sake tambaya.

"Yau da sassafe kun yi magana? Ko a waya?"

"A'a."

"Tare kuke kwana?"

"Ita kaɗai take kwana, a ɗakunan da ke bayan shago. Tun rasuwar Abba."

"Jiya fa? Da kuka rabu lafiya take magana?"

Jiya na ji ta tana sallamar wata mata da yamma, amma ko me ta ce ban sani ba, don na kunna famfo da gangan kada in ji muryarta. Na ce masa ina jin lafiya take. Ya girgiza kai, ya ce jiya da yamma ya yi nisa, in a cikin barci abin ya fara to an riga an wuce lokaci. Ya tambayi Sista, ta ce ita ƙarfe takwas ta zo, kuma Umma da kai kawai ta amsa mata gaisuwa, ta ɗauka ɓacin ran buhun ne.

"Ke 'yarta ce, kuma tare kuke aiki," in ji likita. Ba da faɗa ya faɗa ba, mamaki kawai yake. "Babu wata magana da kuka yi da safen nan kafin abin ya fara?"

Ta yaya zan gaya wa baƙo cewa gaba nake yi da uwata a kan kabewa? Na tsaya tsuru-tsuru, hawaye na zuba, ina jin kunyar da ban taɓa jin irinta ba. Uwata na kwance a ciki, maganinta na hannun mutumin nan, abin da kawai ake nema a wajena shi ne in ce na saurare ta, kuma ban saurare ta ba.

"Likita, a gafarce ni." Mai kayan miya ne ya taso, hularsa a hannu ɗaya, waya a ɗayan. "Ni ta yi min magana da safe. Sau biyu. Ga shi nan da lokacinsa a rubuce."

Likita ya karɓi wayar ya duba. Saƙon kuɓewa ƙarfe takwas saura minti goma aka turo shi. Na sama da shi kuwa bakwai da minti biyar. Ya danna na saman, ya ɗaga wayar tsakaninmu, sai muryar Umma ta cika barandar, tas, kowace kalma a wurinta.

"Malam, ina kwana, ya kasuwa? Kabewa nake so yau, irin mai jan cikin nan wadda ta ƙosa sosai, kada ka haɗa ni da mai ruwa-ruwa. Ka duba min tukuna, zan gaya maka ko guda nawa. Ka zaɓo masu kyau fa, don yau zan sa Auta a gaba in koya mata haɗin nan. Kwana uku tana kumbura min fuska kamar kabewar taka." Ta yi 'yar dariya. "Ai ta isa. Tun tuni ta isa, ni ce dai ban so ta daina buƙatata ba. To sai na ji ka."

Likita ya dubi agogonsa, ya ce, "Alhamdu lillahi, muna cikin lokaci," ya juya da sauri ya shige, Sista na biye da shi. Ni kuwa na zame na zauna a ƙasan barandar, a kan tayil mai sanyi, mutane na ratse ni suna wucewa. Saƙon da ya ce in tsaya in ji ke nan, na juya masa baya. Dattijon ya tsuguna nesa kaɗan da ni yana cewa, "Yi haƙuri, 'yata, yi ta addu'a." Na ce, "Baba, ka yafe min abin da na yi maka." Ya ce shi bai riƙe komai ba, ai tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Na roƙe shi ya turo min saƙon, ya ce bai iya ba, sai na karɓi wayar na tura da kaina.

An yi mata allurar. Zuwa la'asar ta fara motsa yatsun hannun dama, washegari ta ɗaga shi har kafaɗa, bakinta ma ya ɗan daidaita. Yayana ya iso daga garin da yake aiki, mijina ya kawo yara suka leƙa ta. Kowa na ta hamdala, ni ma ina yi. Amma maganar ba ta dawo ba. Tana jin duk abin da aka ce, tana gane kowa, sai dai in ta miƙa hannu za ta ɗauko kalma, wata ce ke biyo hannun. Ta ce a ba ta rawa tana nufin ruwa. Ta kira yayana da wani abu mai kama da sunan Abba. Wani lokacin ta ji kuskuren ta ɓata rai, wani lokacin ba ta ji ba sam, ta yi ta kallonmu tana mamakin rashin fahimtarmu. Likita ya ce akwai masu koyar da magana, wasu marasa lafiyar suna dawowa sosai, wasu kaɗan, wasu kuma a haka suke zama. Na tambaye shi Umma a wane rukuni take, ya ce ba zai yi min alƙawarin abin da bai sani ba.

Ranar Asabar da hantsi mai ɗinki ta kira ni, ta ce ga mata sun taru a ƙofar shago, me za ta ce musu? Na ce ta ce Hajiya ba ta da lafiya, su yi mata addu'a. Ta ce wata na tambaya ko ni zan iya yi mata haɗin, tunda ni ce 'yar gida. Na kashe wayar.

Ashe Umma na ji. Ina juyowa na ga ta kafe ni da ido. Yayana ya fita sayo magani, matar gadon kusa da mu tana barci, daga ni sai ita. Ta kamo gefen mayafina da hannun hagu ta jawo ni, ta nuna jakata, ta yi alamar rubutu a tafin hannunta. Na ce, "Umma, ki huta, ba yanzu ba." Ta buga katifa. Na san wannan bugun, ba a musu da shi. Na zaro biro, na juya bayan takardar magani, na ja kujera har gwiwata na taɓa gadon.

Ta gyara zama, ta share maƙogwaro, ta rage murya kamar yadda ake yi in za a faɗi abin da ba a so bango ya ji. Sannan ta fara.

"Kuɓewa. Ki tura ta, har ta yi... har ta yi lafiya. Sai zuwa. Zuwa, cokali huɗu." Ta ɗaga yatsu biyu. Na dubi yatsun, na dubi bakinta. "Huɗu," ta sake cewa, yatsu biyun na nan a tsaye. Na rubuta huɗu, na rubuta biyu a gefensa.

"Sai man 'yan'uwa. Kada ki sa shi da... da taga. In ya huce. Sai ƙaramar, ta bayan... baƙar nan, ta kusa da alkama. Ɗigo tara." Yatsu uku. "Shi ne babba. In babu shi, duk matashi ne."

Haka ta yi ta yi, ina rubutawa. Ban tsallake ko kalma ɗaya ba, duk abin da ya fito daga bakinta na sa a takarda yadda ya fito. Takardar ta cika, na yage bayan kwalin magani na ci gaba. Wani wurin ta tsaya ta juya hannu a iska tana nuna yadda ake damawa, daga dama zuwa hagu, a hankali. Wani wurin ta ɗaga yatsa tana gargaɗina a kan wani abu da ban san ko mene ne ba, na gyaɗa kai. Ta fi minti goma tana magana. Tun da aka kwantar da ita ban ga fuskarta ta saki haka ba. A wajenta komai daidai yake fita, tana ba ni abin da ta ɓoye shekara talatin, tiryan-tiryan, babu ragi. Ni kuma ina zaune ina karɓa, kuma ban fahimci ko rabin rabinsa ba. Tsoro ya kama ni irin wanda bai kama ni ba ko ranar Alhamis.

Da ta kai ƙarshe ta sauke numfashi, ta koma ta jingina da matashin kai, gumi a goshinta. Ta dube ni, ta ɗaga gira.

"Na gane, Umma," na ce. "Duka na gane. Na gode."

Ta yi murmushi, wannan karon har gefen daman ya ɗan motsa. Ta miƙo hannu ta dafa nawa. Sai ta buɗe baki, maganar ta fito sumul, babu gargada, da muryarta ta da, karo na farko tun ranar Alhamis.

"To, maimaita min in ji."

Na sunkuyar da kai na dubi takardar da ke hannuna. Umma ta gyara kwanciya, ta juyo da kunnenta wajena, tana jira.